Karatun 'Yan Mata a Ƙasashen Waje: Tsaro da Ingancin Ilimi Kafin Biyan Kuɗi

A daren 3 ga watan Mayu na 2023 ne rukunin farko na 'yan Nijeriya da aka kwaso daga ƙasar Sudan, su 376, suka sauka a filin jirgin saman Abuja, bayan sun shafe kwanaki a kan iyakar Sudan da Masar suna jiran a ba su izinin wucewa. Galibinsu ɗalibai ne, kuma a cikinsu akwai 'yan mata masu yawa da iyayensu ko gwamnatocin jihohinsu suka tura birnin Khartum domin karatun likita, haɗa magunguna, aikin jinya da ilimin addinin Musulunci. Yaƙin da ya raba su da makarantunsu ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilu, ana cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF.

Kafin wannan rana, iyaye da dama a arewacin Nijeriya suna ɗaukar Sudan a matsayin wurin da hankali ya fi kwanciya a tura 'ya mace. Ƙasar Musulmi ce, kuɗin makaranta bai kai na Turai ba, akwai tsohuwar dangantaka ta hanyar aikin Hajji da ta bar dubban Hausawa a can, ga kuma makarantu irin su Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman. Cikin 'yan kwanaki wannan lissafi ya rushe. Abin da ya faru ya tayar da tambayar da har yanzu take gaban duk magidancin da ke shirin fitar da miliyoyin Naira: da wane ma'auni za a zaɓi ƙasa da makarantar da za a damƙa wa amanar yarinya na tsawon shekara huɗu zuwa shida?

Dalilin fita da yawan kuɗin da ake kashewa

Ba son burga kaɗai ke sa iyaye duba waje ba. A kowace shekara ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke zana jarrabawar hukumar JAMB, amma guraben karatun likita da makamantansa a jami'o'in gwamnati ƙalilan ne, domin kowace makarantar likitanci tana da adadin da aka ƙayyade mata. Ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Ga 'ya mace wannan jinkiri ya fi ciwo, saboda a gidaje da yawa ana haɗa lissafin kammala karatu da na aure, kuma karatun da ba a san ranar ƙarewarsa ba yakan yanke a tsakiya. Bugu da ƙari, ƙarancin likitoci mata a asibitocin jihohin Arewa ya sa wasu gwamnatoci, ciki har da na Kano da Jigawa, suka riƙa ɗaukar nauyin 'yan mata zuwa ƙasashen waje domin su dawo su duba 'yan uwansu mata.

Kuɗin da ke fita ta wannan hanya ba kaɗan ba ne. Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Mista Olayemi Cardoso, ya shaida wa Majalisar Wakilai a watan Fabrairu na 2024 cewa tsakanin 2010 da 2020 an kashe dalar Amurka biliyan 28.65 a kan karatu a ƙasashen waje. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗaliban Nijeriya da ke Amurka kaɗai sun haura 20,000. Idan aka dubi wannan adadi, za a ga cewa karatun waje jari ne kamar kowane jari, sai dai abin da ake sakawa a ciki ya haɗa da rai da mutuncin ɗaliba.

Ƙasar da za a iya fita daga cikinta

Darasi na farko da Sudan ta koyar shi ne cewa zaman lafiyar yau ba ya ba da tabbacin na gobe. Alamun rikici sun daɗe a fili, tun daga hamɓarar da Shugaba Umar al-Bashir a 2019 da juyin mulkin Oktoba na 2021, amma ba a cika saka su cikin lissafi ba. Da yaƙi ya ɓarke, filin jirgin saman Khartum ya zama fagen daga, don haka sai ta mota. Gwamnatin Tarayya ta ce ta ware dala miliyan 1.2 domin hayar motocin safa 40 zuwa iyakar Masar, kuma an sami rahotannin cewa wasu direbobi sun tsaya a tsakiyar hamada saboda saɓani kan biyan kuɗi. Daga bisani masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da cewa an yi wa mata fyaɗe da cin zarafi mai yawa a wannan yaƙi, abin da ke nuna irin haɗarin da ɗaliban suka tsallake.

Shekara guda kafin haka, irin wannan ta faru a Yukren, inda dubban 'yan Nijeriya ke karatu, musamman na likita, saboda sauƙin kuɗi. Bayan Rasha ta kai hari ranar 24 ga Fabrairu na 2022, ɗalibai sun yi tafiya mai nisa cikin tsananin sanyi zuwa iyakokin Foland, Romaniya, Hungari da Sulobakiya. Wasu sun ba da labarin yadda aka hana su hawa jirgin ƙasa ko aka mayar da su ƙarshen layi saboda launin fatarsu, har sai da ƙungiyar Tarayyar Afirka ta fito ta yi tir da lamarin. Waɗanda ke birnin Sumy kuwa sun maƙale kusan mako biyu kafin a buɗe musu hanya. Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe dala miliyan 8.5 wajen kwaso su.

Dawowa gida ba ita ce ƙarshen wahalar ba. Ɗalibai da yawa sun baro makarantunsu ba tare da takardar da ke nuna darussan da suka kammala da makin da suka samu ba, kuma babu wanda za a tambaya domin ofisoshin jami'o'in a rufe suke. Yarinyar da ta kai aji huɗu a makarantar likita tana iya tsintar kanta a aji biyu a wata makaranta, ko ma ta koma farko. Wannan ya sa masu lura da harkar ke shawartar kowace ɗaliba ta riƙa karɓar takardar sakamakonta mai hatimi a ƙarshen kowane zango, ta aika kwafi gida, ta kuma riƙe fasfonta a hannunta a kowane lokaci.

Akwai kuma batun ofishin jakadanci. Tsibirin Saifurus ya rabu biyu tun 1974. Kudancinsa ƙasa ce da duniya ta amince da ita, mamba a Tarayyar Turai tun 2004. Arewacinsa kuwa ya ayyana kansa ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ce ta amince da shi, kuma Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. A watan Agusta na 2020 shugabar Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura yara yankin bayan mutuwar wasu ɗalibai a yanayin da ba a warware ba. Ɗalibai da dama sun kammala karatu a can lafiya, sai dai iyaye su sani cewa idan matsala ta taso, hannun gwamnati ba ya isa wurin kai tsaye. Wasu dillalan guraben karatu sukan ce wa iyaye “Saifurus” kawai, su bar su da zaton Turai za a kai 'yarsu.

Takardar da za ta yi aiki a gida

Ingancin ilimi ba a gane shi daga hoton gine-gine a takardar talla. Ma'auni na farko shi ne ko hukumomin Nijeriya za su karɓi takardar shaidar idan an dawo da ita. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima da shi. Ranar 2 ga Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano 'yan Nijeriya fiye da 22,000 da ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, ya kuma ce jami'o'i biyar ne kawai a Benin da uku a Togo gwamnati ta amince da su. Abin takaicin shi ne matakin ya rutsa har da ɗaliban da suka zauna suka yi karatu tsakaninsu da Allah a makarantun da ba su san ba su da rajista ba. Iyaye da yawa sun zaɓi waɗannan ƙasashe ne saboda kusanci da gida da kuma sauƙin kuɗi, amma kamar yadda Hausawa ke cewa, araha ba ta ado.

Sana'o'in da ke da hukumomin kula da su suna da wani shingen na daban. Wadda ta karanta likitanci a waje sai ta ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, kafin a yi mata rajista ta fara aikin sanin makama a asibiti. A jarrabawar da aka yi cikin 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su yi nasara ba. A watan Yuni na 2022 majalisar ta sanar da cewa ba za ta karɓi digirin da aka samu daga Yukren a lokacin yaƙi ba har sai karatu ya koma daidai, kuma ba ta amince da karatun likita ta intanet ba. Wadda ta karanta shari'a a waje ita ma sai ta yi wani kwas na share fage a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya kafin ta shiga ajin da sauran ɗalibai ke shiga. Masu haɗa magunguna, ma'aikatan jinya da injiniyoyi duk suna da nasu hukumomin.

A karatun likita akwai wata matsala da ba a cika faɗa wa iyaye ba. A ƙasashe irin su Sin, Rasha da Turkiyya, ana iya koyar da darasi da Turanci a aji, amma marasa lafiyar da ke asibiti harshen ƙasarsu suke ji. Ɗalibar da ba ta ƙware a harshen ba takan kammala shekarun asibiti tana kallo daga nesa, ba ta yi wa majinyaci tambaya da kanta ba. Haka nan cututtukan da za ta tarar a gida, irin su zazzaɓin cizon sauro, amosanin jini da matsalolin haihuwa a karkara, ba lallai ta gan su a can ba. Don haka ya dace a tambayi makaranta ko tana da asibitin koyarwa nata, da wane harshe ake zagayen duba marasa lafiya, da kuma ko sunanta na cikin kundin makarantun likitanci na duniya.

Faɗuwar Naira da haɗarin yankewar guzuri

A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi, inda dalar da ake sayarwa kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ma'anar wannan ga magidanci a fili take. Kuɗin makaranta na dala 5,000 a shekara, wanda a da bai wuce Naira miliyan 2.3 ba, ya koma Naira miliyan 7.5, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. A watan Mayu na 2024 an sami labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka kuma umarci wasu su bar ƙasar, saboda sun gaza biyan kuɗi a kan lokaci.

Tallafin gwamnati ma ba ya hana wannan. Ɗaliban da ke cin moriyar yarjejeniyar musayar guraben karatu tsakanin Nijeriya da ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya, Hungari da Sin sun sha kokawa kan watannin da suke yi ba a biya su alawus ba. A 2024 an rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa 220 a wata, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin.

A nan ne batun kuɗi ke haɗuwa da batun tsaro. Yarinyar da guzurinta ya yanke a ƙasar da ba ta da kowa ita ce ke komawa unguwar da haya ta fi araha kuma tsaro ya fi rauni, ita ce ke karɓar aikin dare ba bisa ƙa'ida ba, ita ce kuma mai neman lalata ke samun ƙofar shiga wurinta da sunan taimako. Ƙasashen da ke karɓar ɗalibai sun san haka, shi ya sa suke neman shaidar kuɗin zama tun kafin ba da biza. Kanada ta ɗaga adadin daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024, ta sake ƙarawa a 2025. Jamus, inda galibin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ta buƙaci a ajiye Yuro 11,904 a wani asusu na musamman tun daga Satumba na 2024. A Birtaniya ɗalibi na biyan fam 776 a shekara domin kula da lafiya tun Fabrairu na 2024, kuma ba a yarda ya yi aikin da ya wuce sa'a 20 a mako ba a lokacin karatu. Duk dillalin da ya ce yarinya za ta biya kuɗin makarantarta da aikin da za ta samu a can, ya kamata a yi taka-tsantsan da shi.

Tarko da sunan gurbin karatu

A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa wani bincike kan shirin da ake kira Alabuga Start a yankin Tatarstan na Rasha. An riƙa tallata shi a kafofin sada zumunta ga 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya, da alƙawarin tikitin jirgi kyauta, albashi da horo a fannoni irin su kula da otal da dafa abinci. Wasu daga cikin waɗanda suka je sun shaida wa masu binciken cewa sun tsinci kansu a masana'antar harhaɗa jirage marasa matuƙa da ake kai hari da su a Yukren, suna aiki na tsawon sa'o'i da sinadarai masu ƙona fata, a wurin da shi kansa ya sha hari.

Alamomin irin wannan tarko sukan yi kama da juna: ana neman mata zalla masu ƙananan shekaru, ana gaggauta yanke shawara, ba a bayyana sunan jami'a ko kwas a rubuce, kuma ana son karɓe fasfo da zarar an isa. Gurbin karatu na gaskiya yana zuwa da takardar ɗauka daga makarantar kanta, kuma kuɗin makaranta a asusun makaranta ake biyan sa. Hukumar Yaƙi da Fataucin Mutane ta NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana karɓar ƙorafi kan irin waɗannan tallace-tallace.

Sutura, masauki da zaman iyali

Akwai alƙaluman da cibiyoyin bincike ke fitarwa kan ƙasashen da mata suka fi samun kariya. A jadawalin da Jami'ar Georgetown ta Amurka da wata cibiyar nazarin zaman lafiya ta birnin Oslo suka fitar a 2023, Denmak ce ta zo ta ɗaya, Afganistan ta zo ta ƙarshe. Sai dai irin wannan jadawali yana auna rayuwar matan ƙasar ne gaba ɗaya, ba ya faɗin yadda baƙuwa baƙar fata mai lulluɓi za ta kasance. Denmak ɗin da ta zo ta ɗaya ta haramta rufe fuska a bainar jama'a tun 2018, kamar yadda Faransa ta yi da dokarta ta 2010 da Beljiyam a 2011. Dokar Faransa ta 2004 da ta hana ɗankwali da sauran alamun addini ta shafi makarantun firamare da sakandare na gwamnati ne, ba ta shafi jami'o'i ba. Turkiyya kuwa, wadda ta daɗe tana hana lulluɓi a jami'o'inta, ta janye hanin tun wajajen 2010. A Indiya, harin da gungun mutane suka kai wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida cikin Maris na 2017 ya nuna cewa wariyar launin fata ba a Turai kaɗai take ba.

Iyayen da ke son makarantar mata zalla suna da zaɓi. Akwai Jami'ar Gimbiya Nura da ke Riyad, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in mata na duniya, da tsangayoyin mata na Jami'ar Azhar a Masar, da sashen mata na Jami'ar Musulunci ta Nijar da ke Yamai. Amma Ahfad, wadda asalinta ya faro daga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a garin Rufa'a a 1907, ita ma ta mata ce zalla, kuma hakan bai kare ɗalibanta daga yaƙi ba. Abin da ya fi shafar rayuwar yau da kullum shi ne masauki: ko makaranta na da ɗakin kwanan mata a cikin harabarta, nisansa da aji da asibiti, motar da za a shiga idan an tashi aikin dare, da kuma ofishin da za a kai ƙara idan malami ko mai gidan haya ya nemi wuce gona da iri.

Matan aure suna da nasu lissafin. A 2022 'yan Nijeriya ne suka fi kowa kai iyali Birtaniya da bizar karatu, inda aka ba da biza fiye da 60,000 ga mata, maza da yaran ɗalibai. Daga 1 ga Janairu na 2024 gwamnatin ƙasar ta hana masu digiri na biyu na zaman aji tafiya da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mace mai goyo da ke shirin irin wannan karatu sai ta tanadi wanda zai riƙe mata yara na tsawon shekara guda ko fiye.

Kafin a sayi tikiti

Duk waɗannan ba hujja ba ce ta hana 'ya mace fita neman ilimi. Likitoci, injiniyoyi da malaman jami'a mata da yawa da ke aiki a Nijeriya a yau a Alƙahira, Kuala Lumpur, Khartum da biranen Ingila suka yi karatu, suka dawo lafiya da ilimi mai amfani. Abin da ya bambanta su da waɗanda suka yi asara galibi shi ne binciken da aka yi tun kafin tafiya.

Binciken yana farawa ne daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar da ke kula da sana'ar da yarinya za ta karanta, domin a tabbatar a rubuce cewa an amince da makarantar. Daga nan sai a nemi ɗalibai mata 'yan Nijeriya da ke can a halin yanzu, ba waɗanda dillali ya zaɓo ba, a ji ta bakinsu game da masauki, abinci, sufuri da halin malamai. Sai a yi lissafin kuɗin dukan shekarun karatu da kuɗin ƙasar waje, a ƙara wani kaso domin faɗuwar Naira, a ware kuɗin tikitin dawowa na gaggawa. Da zarar ta isa, ta yi rajista da ofishin jakadancin Nijeriya da ƙungiyar ɗaliban Nijeriya, domin a Khartum da Yukren ƙungiyoyin ɗalibai sun taka muhimmiyar rawa wajen tattara sunayen waɗanda aka kwaso.

Ita kanta yarinyar ya kamata ta zauna a wurin da ake wannan shawara, ta san nawa aka biya, wa aka biya, da inda takardunta suke, domin idan dare ya yi a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba, ita ce za ta yanke hukuncin farko kafin waya ta shiga gida.